Zaren da Na'ibi Ya Rage

Na'ibi ya yanke zaren da ya auna cikin matarsa da shi kafin ya sa shi a wasiƙa, ya rage masa faɗin yatsa uku. Abin da ya lalata komai ke nan. Babu sammu a ciki, babu laifin likita. Wuƙar yankan nama ce da hannun mai ita.

Shi mutumin Gadarif ne ta ƙasar Sudan, jikan Hausawan nan da suka taso daga yamma da ƙafa za su hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zame musu gida. Shi ne ya ƙarasa musu tafiyar. Ya shigo Jidda yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya tsaya a kan agashe, naman nan da ake fere shi siriri a birkiɗa a ƙuli da yaji a gasa. Rumfar tana unguwar Sa'alaba, ta kafilinsa ce, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, wani Balarabe mai suna Saleh. Iƙamar Na'ibi, wato takardar izinin zamansa, lafiyarta ƙalau, kullum tana aljihun gaba. Ta matarsa Dela ce babu. Da bizar umra ta zo masa tun tana da sauran ƙuruciya, ta yi ɗawafi, ta yi sa'ayi, ta sha zamzam, ta ce ita kam ta zo ke nan. Bai musa mata ba.

A unguwar Karantina suka yi zamansu, kuma a Karantina ba a tambayar mace takarda. Allah bai ba su haihuwa ba, amma baƙo ba zai gane haka ba, don ɗakin Dela kullum cike yake da 'ya'yan mutane, wannan na cin tuwo, wancan na barci a kan sallayarta. In kanta ya yi ciwo, kafin azahar mata goma sun leƙo. Sai aka wayi gari an yi rubutu da jan fenti a bangayen unguwa, aka yanke wuta, katafila ta shigo rusau. Mutanen da suka yi rabin rayuwa suna aron gishiri a wurin juna suka watse ko sallama babu. Wasu Makka, wasu bayan gari, wasu jirgi ya kwashe su. Na'ibi ya samu ɗaki a Mahjar, can saman wani tsohon bene, kusa da tankin ruwa. 'Yan Bangaladash ne a ƙasa, sai wani Bayamane da ba ya amsa sallama sai da ka. Dela ta hau benen nan, ta leƙa ta katanga, ba ta ga fuskar da ta sani ba. Daga ranar ba ta cika sauka ba.

Ciwon daga ƙafa ya fara. Silifa ya daina shiga. In ta danna ƙaurinta da babban yatsa sai wurin ya lotsa kamar ƙullun waina, ya daɗe bai ciko ba. Kumburin ya hau gwiwa, ya hau cinya, ya shiga ciki. Zani ya daina zagayowa. In ta yi ruku'u sai ta tsaya tana haki kamar wadda ta ɗebo ruwa daga ƙasan bene.

Na'ibi ya ce, "Asibiti za mu."

Ta ce, "Da wace takarda, Malam?"

"Ana duba mutum kafin a duba takarda."

"Bayan an duba shi fa? Ka manta Latifatu? Haƙori ya kai ta, jirgi ya mai da ita Sudan."

Bai manta ba. Ya kuma san hukuncin wanda ya ɓoye mai zaman da ba izini, ko da matarsa ce.

Ta ce, "Ni ba mutuwa nake tsoro ba, jirgi nake tsoro. Kakata a hanya ta mutu, uwata a hanya ta mutu, duk ƙasar nan suke nufi. Ni na iso. A nan za a rufe ni. Ka yi min alkawari."

Na'ibi mutum ne mai taurin kai, ba ya alkawari da wuri. Ranar ya yi.

Da asibiti ya fita daga lissafi, sai mutum ɗaya ya rage musu a duniya: Baffa Nuraddeen, ƙanin mahaifin Dela, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ne kuma ya ba Na'ibi aurenta. Ya yi aikin duba marasa lafiya a asibitin gwamnati a Gadarif har kunnuwansa suka mutu. Waya ba ta da amfani a wurinsa. In an kira sai ya yi ta ihu yana tambayar wa ke magana, ya gaji ya kashe. Mai son shawararsa daga nesa sai dai ya rubuta.

Mai kai wasiƙa kuwa akwai shi. Musbahu ne, ɗan garinsu, falke, yana hawa jirgin ruwa tsakanin Sawakin ta Sudan da Jidda da buhunan zoɓo da gyaɗa, shi ke kawo wa Na'ibi ƙulin agashe. Baki gare shi kamar reza.

Na'ibi ya zauna rubutu da ajamin da ya koya a allo. Gaisuwa ta cinye masa takarda: ya gai da Baba, ya gai da mutan gida, ya tambayi damina. Da ya zo kan maganar sai alƙalami ya tsaya. Yaya mutum zai rubuta wa surukinsa labarin cikin 'yarsa da cinyoyinta? Shi da ko sunan Dela bai taɓa kamawa a gaban tsohon ba. Ƙarshe ya rubuta cewa iyali ba ta jin daɗin ƙafa, a taimaka da shawara.

Musbahu ya juya ambulan ɗin a hannu ya ce, "Kai Sarkin Fawa, yaushe ka zama malami? Ko kishiya kake nema wa Dela a ɓoye?"

"Karɓi ka kai, ɗan zoɓo. Hannun Baba za ka sa."

"In ya tambaye ni lafiyarku fa?"

"Ai ba ya ji. Ka ɗaga masa kai."

Amsa ta zo da dawowar jirgi, rubutu manya-manya kamar na mai fushi. Na'ibi ya karanta wa Dela a hankali, yana bin layi da yatsa.

"Bayan gaisuwa. Na'ibi, wannan ba wasiƙar ciwo ba ce, wasiƙar barka da salla ce. A cikin takardar nan ni ba surukinka ba ne, likita ne, ka ajiye kunya a bakin ƙofa. Ƙafa ɗaya ce ko biyu? In an danna yana lotsawa? Ya kai ciki? Fitsarinta yawa ne ko kaɗan, wane launi? A kwance take barci ko a zaune? Idona ba zai kai Jidda ba, saboda haka ka samu zare marar talewa, ka zagaya cikinta daidai cibiya, da safe kafin ta ci komai, ka yanke shi daidai inda ya haɗu, ka sako min a ambulan. Duk zuwan Musbahu ka aiko sabo. Zare ba ya jin kunya."

Dela ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Baffa ke nan. Ko a kabari sai ya yi wa mutum faɗa."

Washegari Na'ibi ya farke bakin buhun gyaɗa ya zare zaren. Dela ta tsaya ta dafa bango, ta sassauta zani. Rabonsa da ganin jikinta da hasken rana har ya manta. Cikin ya yi tsini, fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito kore-kore. Ya durƙusa ya zagaya zaren, hannuwansa suka kusa kasa haɗuwa ta baya.

Ta ce, "Sai ka ce mai awon ragon layya."

"Tsaya cik."

"In ka gama ka faɗa min nawa zan yi a kasuwa."

Bai yi dariya ba. Ya yanke zare biyu tsawo ɗaya, ya sa guda a ambulan, ya rataye guda a ƙusa a bayan ƙofa. Ya amsa tambayoyin tsohon duka, yana rubutu yana gumi, har da ta fitsarin.

Wasiƙa ta biyu ta zo da sunan wata ƙwaya mai sa fitsari, an rubuta shi da Larabci don mai kantin magani ya gane. Baffa ya hana gishiri, ya hana kanwa, ya hana dunƙulen miya, ya ce a rage ruwa, ta riƙa ɗora ƙafafu a kan matashi. Ya ce a ganinsa zuciya ce ta gaji, ruwa yake taruwa, amma daga nesa zato kawai yake yi. A ƙasa ya ja layi ya rubuta: "In zare na gaba ya fi wannan da faɗin yatsa biyu, magana ta fi ƙarfin takarda. Ka kai ta asibiti ranar, ko za a kore ku. Wannan ba likita ne ya faɗa ba, ubanta ne."

Na'ibi ya karanta wurin nan sau biyu. Likita ana iya yi masa gardama. Amma mutumin da ya ɗauki 'ya ya ba ka, in ya ce ka yi, an gama. A gidan da Na'ibi ya tashi ba a taɓa jin wanda ya ce wa surukinsa a'a ba.

Ƙwayar ta yi aiki da farko. Dela ta yi ta zarya bayi har tana tsine wa maganin, idon sawunta ya fito, ta koma yin salla a tsaye. Tuwo ba gishiri take ci tana ɓata fuska, shi ma ya daina sa gishiri a nasa don kada ta ga bambanci. Zare na biyu bai fi na farko ba. Har wata ranar ta ce ya sayo mata lalle.

Sai zafin Jidda ya shigo, irin wanda iska ke zama kamar tururin tukunya. Kumburin ya dawo, ya zo da ƙarfinsa. Da safiyar ranar da Musbahu zai wuce karɓar saƙo, Na'ibi ya auna, ya je bayan ƙofa ya jera sabon zaren da tsohon. Ya sa yatsu a kan abin da ya ƙaru. Uku. Ya sake aunawa, ya ce ta saki numfashi. Uku dai.

Dela tana kallonsa daga bakin katifa. Ta ce, "Ya wuce ko?"

"Ya wuce."

"To rage shi."

"Me?"

"Zaren. Rage shi. Wa ya gani?"

"Allah ya gani. Ƙarya kike so in yi wa Baba?"

"Ai ba magana za ka yi ba. Zare ne."

"Dela, kin san abin da kike cewa kuwa?"

"Na sani sarai. In ya ga wannan zai ce asibiti, kai kuma ba za ka iya ƙi ba, na san ka. In ka kai ni, ka karya alkawarina. In ka ƙi, ka saɓa wa Baffa. To kada ka bari ya faɗa. Zafi ne kawai, in gari ya yi sanyi zai sauka."

Ya fita ya tsaya jikin tankin ruwa. Daga nan ana hango inda Karantina take, fili fetal, ƙasa ja da tarkacen bulo, ko kare babu. Da a ce unguwar tana nan, da ya sauka ya sami dattawa a ƙofar masallaci, wani ya ce masa kai wawa ne, kai ta asibiti, wani ya ce ya san likitan da ba ya tambayar takarda. Da mata sun taru a kan Dela sun sauke mata wannan taurin kan. Yanzu daga shi sai tanki.

Ya koma ciki, ya zaro wuƙar aikinsa, ya ɗora zaren a kan katako. Guntun da ya faɗo bai iya yar da shi ba. Ya cusa shi cikin jakar ledar da iƙamarsa take.

Zuwan Musbahu na gaba ma haka aka yi, sai dai guntun ya fi na farko tsawo. Wannan karon Dela ba ta ce ya rage ba. Shi da kansa ya ɗauko wuƙar.

Amsar da ta biyo baya ita ce wasiƙa mafi daɗi da Baffa Nuraddeen ya taɓa rubutawa. Ya yi hamdala layi uku. Ya ce ya jera zarurrukan a kan tabarma ya ga ciwon ya tsaya, har ya fara ja da baya. Ya ce tunda haka ne a rage ƙwayar zuwa rabi, don yawanta yana gajiyar da ƙoda. Ya ce a ɗan sa mata gishiri a miya ranar Juma'a, kada rai ya ƙi abinci. A ƙarshe ya rubuta abin da bai taɓa faɗa wa Na'ibi ba tun ranar ɗaurin aure: "Allah ya yi maka albarka. Ban yi kuskuren ba ka ita ba."

Na'ibi ya ninke takardar. Dela tana jingine da bango, matasai uku a bayanta, don kwanciya ta gagare ta tuni.

Ta ce, "Ka ji, Baffa ya ce a sa gishiri."

"Baba zare ya duba, ba ke ba."

Ta ce, "To yanzu wa za ka tambaya?"

Babu. Likita ɗaya gare su, sun kuma mai da shi makaho da hannunsu. Na'ibi bai rage ƙwayar ba, amma ta daina aiki, bai kuma san ko ƙarawa ake yi ba. Ya je kantin maganin ya yi kwana-kwana, wai wani ɗan'uwansa ne. Mai kantin, Bamisire, bai ko ɗago kai daga waya ba, ya ce, "Waddi mustashfa, ya hajj. Asibiti. Wannan ba na kanti ba ne."

Ya ci gaba da zuwa rumfa. Yana fifita gawayi, yana juya nama, samari 'yan Jidda suna tsaye suna cewa, "Ya ammi, ƙara shaɗɗa, yalla," shi kuma yana barbaɗa musu yajin. Akwai jikokin Hausawa a cikinsu, suna jin Hausa, ba sa mayarwa. Ya kan dubi fuskokinsu ya ga babu wanda zai iya ce wa, matata tana can sama tana nutsewa a zaune. Duk wanda ya faɗa wa, ya ba shi wuyansu ne. A masallaci yana idar da salla zai ɗauki takalmi. In ya dawo gida, tun daga tsakiyar matakala yake kasa kunne, sai ya ji tarinta sannan ya ƙarasa hawa.

Ita ma ta rage magana, numfashin bai isa ba. Wuni take yi tana kallon ƙofa. Wata rana ta ce masa ta ji muryar yara a ƙasa suna wasa, ta so ta kira su, sai ta tuna ba ta san da wane harshe ba.

Ranar da fatar ƙaurinta ta tsage ruwa ya fara tsattsafowa yana jiƙa zanin gado, Na'ibi ya ɗauko takarda. Wannan karon babu damina, babu mutan gida. Ya rubuta: "Baba, zare biyu na baya ƙarya ne, ni na rage su. Ga na gaskiya. Ba ta kwanciya, ba ta fitsari sai kaɗan, ƙafa tana zubar da ruwa. Ka faɗa min abin da zan yi." Ya auna ta tana zaune don ba ta iya tsayuwa. Ya ciro guntayen nan biyu daga jakar iƙama ya haɗa a ambulan.

Musbahu ya zo rumfa da yamma, ya ji ambulan ɗin ya yi kauri, bakin bai manne sosai ba. Ya ja zaren ya fito, ya yi ta fitowa. Ya zagaya shi a nasa cikin, ya ga saura har yana lilo.

Ya ce, "Sarkin Fawa, wannan na mutum ɗaya ne?"

"Mai da shi ciki."

"Dela ce?"

Na'ibi ya ci gaba da fifita wuta.

Musbahu ya daina wasa. Ya ce, "Kai, saurara. Kafin in kai Sawakin, in hau mota zuwa Gadarif, in sayi kaya, in juyo, wata ya mutu wani ya kama. Cikin nan ba zai jira jirgi ba. Wallahi ko akuyata ce na gani haka, yau zan nemi mai dubawa."

"Na yi mata alkawari."

"Alkawarin me? Na ka zauna kana kallo?"

"Kai dai kai wasiƙa. Aikinka ke nan."

"Zan kai. Amma kai jaki ne, Na'ibi. Tun muna yara kai jaki ne."

Cikin bai jira jirgi ba kuwa. Wata Juma'a Na'ibi ya dawo daga masallaci, ya hau matakala bai ji tari ba. Ya tura ƙofa ya same ta ta zame daga kan matasai, leɓɓanta sun yi toka, ƙirjinta yana ƙara kamar ana hura iska a cikin buta. Ya ɗago ta ya jingina da jikinsa. Ya ciro waya.

Ta kama masa jallabiya. Da ƙyar ta ce, "Malam. Alkawari."

Ya ce, "Na yi. Na karya."

Motar asibiti ta zo, gadon ɗaukar mara lafiya ya ƙi juyawa a matakalar. 'Yan Bangaladash ɗin nan da ba su taɓa haɗa ido da shi ba suka fito da bargo, suka kama kusurwa-kusurwa, suka sauko da ita suna ta magana da harshensu. Bayamanen ya riƙe ƙofa. A cikin mota aka sa mata abin numfashi a fuska. Ta juyar da kai gefe, ba ta dube shi ba. Can da motar ta daɗe tana gudu sai ta janye abin da hannu ta ce, "Har yanzu Jidda ne?"

Ya ce, "Jidda ne."

Ta ce, "To."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Gaskiya dai, mutum suka fara dubawa kafin takarda. Suka shige da ita da gudu. Wata likita ta fito daga baya ta tambaye shi tun yaushe take haka. Ya faɗa mata. Ta dube shi, ta sake tambaya ko bai gane Larabcin ba ne. Ya ce ya gane. Ta ce da an kawo ta tun ciki bai kai haka ba, da akwai abin yi da yawa, yanzu sai abin da Allah ya yi. Sannan na kan tebur ya ce a kawo iƙama. Na'ibi ya miƙa tasa.

"Ta mara lafiyar fa?"

"Babu."

"Ta ƙare ne?"

"Ba a taɓa yi ba."

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Kafin magariba jami'ai biyu suka zo suka ce ya biyo su a yi 'yan tambayoyi. Ya roƙi a bar shi ya leƙa ta, suka bari. Ta gilashi ya gan ta, an sa mata roba a ciki, ruwa rawaya yana gangarawa cikin wata jaka. Idonta a rufe.

A gidan tsare waɗanda za a kora, wanda ake kira tarhil, Saleh ya zo ya same shi. Ya zauna yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce Dela ta rasu da safiyar Talata. Ya ce shi ya tsaya a kan takardun, matan asibiti suka yi mata wanka, aka sallace ta bayan la'asar, aka rufe ta a wata maƙabarta a kudancin gari.

Na'ibi ya ce, "A Jidda?"

"A Jidda."

"Mutum nawa a sallar?"

"Waɗanda suka zo la'asar. Masallacin ya kusa cika." Ya mai da makullin aljihu. "Ya Na'ibi, shekara nawa muna tare, me ya sa ba ka faɗa min ba? Ni ma yanzu tambayoyi suke min. Halas, ba abin da zan iya yi maka. Sun soke iƙamar."

Suka ɗauki hoton yatsunsa goma, suka gaya masa ba shi ba shigowa ƙasar kuma. Aka sa shi a jirgin ruwa da jallabiyar da ya je Juma'a da ita da wata 'yar jaka da Saleh ya haɗo masa daga ɗaki. Wuƙar ba ta ciki.

A tashar Sawakin, yana fitowa daga layin waɗanda aka koro, ya ji an ce, "Sarkin Fawa?" Musbahu ne a tsaye kan buhunan zoɓo, yana jiran a yi lodin jirgin da zai koma. Ya sauko. Ya dubi jakar, ya dubi bayan Na'ibi ko akwai mai biyo shi. Bai yi tambaya ba. Ya cire hula ya yi salati, suka tsaya haka.

Daga baya ya laluba aljihu ya ce, "Ga amsarka. Tsohon a gabana ya rubuta. Har mota ya rako ni, yana ta ihu wai in yi sauri."

Na'ibi ya zauna a kan buhu ya buɗe. Babu gaisuwa. "Ka kai ta asibiti yanzu, kafin ka gama karanta wannan. A zaune za a ɗauke ta, kada a kwantar. Ka nuna musu kwalin ƙwayar. Kada ka ba ta ruwa a hanya. Maganar zare mu yi ta wata rana. Ka gaya mata ƙasa duk ta Allah ce, in an kore ku ku taho, ɗakinta yana nan na sa an share."

Ya karanta har ƙarshe, yana bin layi da yatsa kamar kullum.

Aka fara kiran masu kaya. Musbahu ya mai da hularsa, ya tsaya yana murza hannu. Ya ce, "Motar Gadarif tana bayan kwastan. In ce wa direban ya jira ka?"

"Ce masa."

"Akwai saƙon da zan kai can ƙetare?"

Na'ibi ya dubi tekun. Dela ta samu ƙasar da take so, tana kwance a cikinta, a kabarin da ba suna, wanda bai gani ba, ba kuma za a bar shi ya je ya nema ba. Shi kuma ga shi a wannan gaɓar, da jaka ɗaya, da tsoho kurma yana jiransa a ɗakin da aka share, wanda sai ya ɗaga murya unguwa duk ta ji kafin ya gane 'yarsa ta mutu.

Ya ce, "Wa zan aika wa?"